Yadda Ɗan Wasa Zai Lissafa Furotin Ɗinsa Kafin Ya Sayi Garin Gwangwani

Da zarar matashi ya fara ɗaukar atisaye da gaske, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce, "Wane garin furotin zan saya?" Ya ga wani a wurin ɗaga ƙarfe yana girgiza gora, farin gari yana narkewa a ciki, ga damtse kamar an hura, sai ya ɗauka sirrin yana cikin gorar. Ni kuwa a ganina tambayar ta yi sammako. Akwai biyu da ke gabanta: giram nawa na furotin jikina yake buƙata a rana, kuma nawa nake samu daga abincin da nake ci yanzu? Wanda ya amsa waɗannan biyun da alƙalami da takarda, sau da yawa zai tarar ba ya buƙatar garin, ko kuma ɗan kaɗan ne zai cike masa gurbi.

Kafin lissafi, ga abin da ke faruwa a jiki. Furotin an gina shi ne da ƙananan sinadarai guda 20 da ake kira amino asid. Tara daga ciki jiki ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai daga abinci. Idan ka yi atisaye mai nauyi, tsoka tana karɓar saƙo cewa ta gyara kanta ta ƙara ƙarfi, kuma wannan aikin gyara yana ci gaba har kwana guda ko fiye bayan ka bar fili. Atisaye ne mai ba da umarnin gini, furotin kuwa tubali ne. Ka tara tubali ba magini, ba ka ga ɗaki ba.

Mataki na farko: hau sikeli

Ka auna nauyinka da safe, bayan ka zagaya, kafin ka sa komai a ciki. Ka yi haka kwana uku ka ɗauki matsakaici, domin nauyi yana hawa da sauka da ruwan jiki. Ka rubuta shi da kilo. Duk lissafin da zai biyo baya a kansa zai tsaya.

Mataki na biyu: fitar da adadinka na rana

Baligi wanda ba ya wani motsa jiki na musamman, giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi. Ɗan wasa ya fi haka buƙata. A 2016 manyan ƙungiyoyin masana abinci da likitocin wasanni na Amurka da Kanada sun fitar da matsaya guda, suka ce giram 1.2 zuwa 2.0 a kowane kilo. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada, ƙarƙashin Stuart Phillips, suka tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum 1,863 masu ɗaga ƙarfe. Abin da suka gano shi ne, ƙarin furotin yana ƙara tsoka har zuwa wajen giram 1.6 a kowane kilo, daga nan amfanin sai ya tsaya cik ga yawancin mutane. Suka ce wanda yake son ya tabbata bai yi ƙasa ba, yana iya kaiwa 2.2.

To, mu ɗauki mai kilo 70. Idan ka ninka 70 da 1.2 ka sami giram 84. Da 1.6 ka sami 112. Da 2.0 ka sami 140. Shawarata ga wanda ke atisaye kwana huɗu ko biyar a mako, ɗan ƙwallo ne ko mai gudu ko mai ɗaga ƙarfe, ya fara da 1.6. Lamba ce mai sauƙin riƙewa, kuma tana tsakiya. Mace 'yar wasa ma da wannan ma'aunin za ta yi, da nata nauyin: mai kilo 55 za ta nemi giram 88.

Yanayi biyu ne ke canza lissafin. Idan kana rage nauyi, kamar ɗan dambe ko ɗan kokawa da ke son shiga wani rukuni, ka matsa sama zuwa 2.0 ko ɗan fiye, domin jikin da aka rage wa abinci yakan juya ya ci tsokarsa. Idan kuma kana da ƙiba sosai, kada ka yi lissafi da nauyinka na yanzu, ka yi da nauyin da kake son komawa, in ba haka ba adadin zai kumbura ba dalili.

Mataki na uku: kwana uku da littafi a aljihu

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, alhali shi ne zuciyar aikin. Ka samo ƙaramin littafi ko ka buɗe shafi a wayarka. Kwana uku, biyu na atisaye ɗaya na hutu, ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka da kimanin yawansa. Kada ka gyara cin abincinka don kana rubutawa, ka ci yadda ka saba. Sannan ka zauna ka ƙirga da waɗannan alƙaluma, waɗanda kusan ko'ina haka suke:

Ƙwai babba guda ɗaya, giram 6. Madarar shanu kofi ɗaya, wato mililita 250, giram 8. Ƙirjin kaza dafaffe giram 100, wajen giram 31. Jan nama dafaffe giram 100, wajen 26. Kifi dafaffe giram 100, tsakanin 20 da 25. Wake dafaffe giram 100, giram 8 zuwa 9. Gyaɗa giram 30, wato cikin tafin hannu, giram 7. Shinkafa dafaffa giram 100, ƙasa da giram 3.

A nan akwai kuskuren da nake yawan gani. Mutum ya ci nama giram 100 sai ya rubuta furotin giram 100. A'a. Mafi yawan nauyin nama ruwa ne. Nauyin abinci daban, furotin da ke cikinsa daban. Idan ba ka da ƙaramin sikelin kicin, yankan nama mai faɗi da kaurin tafin hannunka, ban da yatsu, yana kusa da giram 100.

Idan ka gama ƙirga za ka ga ɗaya daga biyu. Ko dai kana kusa da adadinka, ko kuma akwai giɓi. Kuma sau da yawa giɓin a wuri ɗaya yake: karin kumallo. Mutum ya sha shayi da burodi da safe, giram 6 ko 8 ke nan, ya ɗan taɓa wani abu da rana, sai da dare ya zauna ya haɗa komai a faranti ɗaya.

Mataki na huɗu: raba shi a kan yini

Ka raba adadinka gida huɗu, tsakanin kowane ci da na gaba awa uku zuwa huɗu. Ma'aunin shi ne kimanin giram 0.3 zuwa 0.4 a kowane kilo a zama ɗaya, wanda ga yawancin mutane yake faɗawa tsakanin giram 20 da 40. Mai kilo 70 da ke neman 112, giram 28 ke nan sau huɗu. Akwai gwajin da aka buga a 2013 inda aka ba masu atisaye giram 80 cikin awa 12 ta hanya uku: giram 10 sau takwas, giram 20 sau huɗu, giram 40 sau biyu. Na sau huɗu ne ya fi motsa ginin tsoka. Dalili kuwa, akwai wani amino asid mai suna lusin wanda shi ne ke kunna aikin, kuma sai ya kai giram 2 zuwa 3 a zama ɗaya yake kunnawa sosai. Giram 25 na furotin mai kyau yana ɗauke da kusan haka.

Ga yadda yinin mai kilo 70 zai iya kasancewa. Da safe ƙwai uku, kofin madara da burodi yanka biyu, wajen giram 31. Da rana shinkafa giram 200, wake giram 150 da ɗan yankan kifi, wajen 29. Bayan atisaye madara rabin lita da tafin gyaɗa, 23. Da dare ƙirjin kaza giram 100 da dankali da ganye, fiye da 31. Jimilla ta haura 112, kuma ko cokali ɗaya na gari bai shiga ba.

Bari in tsaya a kan maganganu biyu da ke yawo a wuraren atisaye. Ta farko, wai jiki ba ya karɓar fiye da giram 30 a lokaci guda, sauran ya tafi a banza. Hanji yana tsotse kusan duk furotin da ka ci, sai dai ya ɗauki lokaci. A 2023 masu bincike a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan sun ba mutane giram 100 a zama ɗaya bayan atisaye, suka ga jiki ya ci gaba da amfani da shi har sama da awa 12. Saboda haka idan aiki ko makaranta ta hana ka ci sau huɗu, ka ci sau uku ko biyu ka cika adadin, ba ka yi asara ba. Jimillar rana ita ce uwa, rabawa ƙari ce.

Ta biyu, wai idan ba ka sha furotin cikin minti 30 da gama atisaye ba, wahalarka ta tashi a banza. Na ga matasa suna haki, gumi na ɗiga a kan murfin gora, hannu na rawa suna ƙoƙarin zuba gari don kada lokaci ya ƙure. Ka kwantar da hankalinka. Idan ka ci abinci awa biyu ko uku kafin atisaye, amino asid ɗin yana cikin jininka har yanzu. Ka yi wanka, ka isa gida, ka ci cikin awa ɗaya ko biyu. Wanda ya yi atisaye da sassafe da cikin wofi, shi ne ya kamata ya hanzarta.

Abu ɗaya game da ƙwai: ka dafa shi. An gwada an ga jiki yana tsotse kusan kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, ɗanye kuwa kusan rabi kawai, ga haɗarin ƙwayar cutar salmonela mai kawo zawo da zazzaɓi. Wanda ba ya cin nama kuma, ya haɗa wake da hatsi a yini ɗaya, domin abin da wannan ya rasa wancan yana da shi, ya riƙe waken soya sosai, ya ɗan ƙara yawan abin da yake ci.

Kada kuma furotin ya kore abincin kuzari daga farantinka. Shinkafa, dankali, burodi, taliya da 'ya'yan itace su ne man da ke tuƙa ka a fili. Mai atisaye na awa guda a rana yana buƙatar giram 5 zuwa 7 na sitaci da sukari a kowane kilo, mai dogon gudu fiye da haka. Idan wannan ya gaza, jiki zai ƙone furotin ɗin da ka wahala ka samo a matsayin mai, tubalin gini ya koma itacen girki.

Mataki na biyar: idan giɓin ya ƙi cikewa

Yanzu ne maganar gari ta zo. Akwai wanda garin yake yi wa amfani da gaske: mai tafiye-tafiyen gasa, mai kilo 95 da ke neman giram 170 cikinsa ya kasa ɗauka, mai rage nauyi da ke son furotin ba tare da mai ba, ko wanda atisaye ke kashe masa sha'awar abinci. Ga irin waɗannan, gari sauƙi ne.

Ka san abin da kake saya. Furotin ɗin madara kashi biyu ne. Kusan kashi 80 cikin 100 kasin ne, wanda ke daskarewa ya zama cuku. Sauran 20 yana cikin ruwan da ke tsiyayewa, kuma shi ne ake busarwa a sayar da sunan whey a jikin gwangwani. Yana narkewa da sauri, yana da lusin da yawa. Wanda aka rubuta wa concentrate yakan kai har kashi 80 na furotin, yana da ɗan sukarin madara. Wanda aka rubuta wa isolate ya kai kashi 90, an tace masa sukarin, shi ya fi dacewa da wanda madara ke kumbura wa ciki. In ba ka da wannan matsalar, na farkon ya wadatar. Kasin kuwa a hankali yake narkewa, shi ya sa wasu ke shan giram 30 zuwa 40 kafin barci. Akwai na waken soya da na sauran tsirrai, kuma suna aiki.

Ka juya gwangwanin, ka bar hoton damtsen da ke gaba, ka karanta bayan. Lamba biyu kake nema: nauyin ludayi ɗaya, da furotin da ke cikinsa. Ludayi giram 30 mai furotin giram 24, kashi 80 ke nan, ya yi. Ludayi giram 50 mai furotin 20, kashi 40 ne kawai, sauran sitaci ne da ɗanɗano. Manyan buhunan da ake cewa na ƙara nauyi, yawancinsu garin sitaci ne da ɗan furotin, abin da faranti ɗaya na abinci zai ba ka.

Sannan ka duba jerin kayan haɗi. Gwajin da aka saba yi wa furotin yana auna sinadarin naitirojin ne, a ninka da 6.25. Wasu marasa tsoron Allah sun san haka, sai su zuba amino asid masu araha irin su gilaisin da taurin, waɗanda su ma ke ɗauke da naitirojin, alƙalami ya hau a takarda alhali cikakken furotin bai kai ba. Idan ka ga waɗannan sunaye a sahun farko na jerin, ka ajiye gwangwanin. Haka ma wanda ya ɓoye adadin kowane sinadari a ƙarƙashin sunan "haɗi na musamman".

Yadda ake sha: ludayi ɗaya a ruwa ko madara mililita 250 zuwa 300. Ka fara zuba ruwan kafin garin don kada ya manne a ƙasa. Sau ɗaya a rana, in ya yi yawa sau biyu, kuma ka sa shi a lissafinka na rana. Ka wanke gorar nan take, domin ragowar furotin a wuri mai ɗumi tana ruɓewa da wuri.

Sauran kwalabe da ke kan kanta

Nan ba zan daɗe ba, domin masu hujja kaɗan ne. A 2018 Kwamitin Olamfik na Duniya ya tara masana suka tace, suka ce waɗanda ke da shaida mai ƙarfi ta ƙara ƙwazo su ne kiriyatin, kafeyin, naitiret, beta-alanin da bikabonet. Wanda ya fi shafar mai neman ƙarfi shi ne kiriyatin, sinadarin da tsoka ke ajiyewa don kuzarin gaggawa, samfurin monohydrate, giram 3 zuwa 5 kullum. Cikin kusan mako huɗu tsoka za ta cika. Mai gaggawa yana iya shan giram 20 a rana, a raba huɗu, na kwana 5 zuwa 7, sannan ya sauko. Nauyi zai iya hawa da kilo ɗaya ko biyu a farko, ruwa ne tsoka ta riƙe. Kafeyin kuwa, wato sinadarin da ke cikin kofi da goro, miligiram 3 zuwa 6 a kowane kilo, kamar awa guda kafin wasa. Ka fara da mafi ƙaranci, ka gwada a ranar atisaye, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka sha da yamma ya cinye maka barci, barci ma abinci ne ga tsoka.

Kwalaben BCAA amino asid uku ne kawai cikin tara ɗin da ake buƙata. Wanda ke cin isasshen furotin ya riga ya same su, sayensu ɓarnar kuɗi ce.

Mataki na shida: kare sunanka da lafiyarka

Wannan ne ya fi damuna. A ƙasashe da yawa ba a tantance waɗannan kayayyaki kamar yadda ake tantance magani. A Amurka, inda ake yin da yawa daga cikinsu, dokar 1994 ta ba kamfani damar fitar da kaya kasuwa ba tare da hukumar abinci da magunguna ta gwada ta amince ba tukuna. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya sayi kaya 634 daga ƙasashe 13 a tsakanin 2000 da 2001, ya tarar kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da sinadaran siteroyid, wato magungunan ƙara tsoka da aka haramta wa 'yan wasa, waɗanda ba a rubuta a jikinsu ba.

Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari, wadda aka kafa a 1999, ƙa'idarta a fili take: duk abin da aka samu a fitsarinka ko jininka, kai ke da alhaki, ko ka sani ko ba ka sani ba. Jerin haramtattun sinadarai kuma ana sabunta shi ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Shekarun da ka yi kana tashi da asuba kana gudu, ludayi ɗaya na gurɓataccen gari zai iya tafiya da su.

Don haka ka sayi wanda wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya tantance kawai, irin masu tambarin Informed Sport ko NSF Certified for Sport. Kada tambarin ya ishe ka, ana buga na bogi. Ka shiga shafinsu na intanet ka nemi sunan kayan, ka gwada lambar rukunin da aka buga a gindin gwangwanin ko kusa da ranar lalacewa. Ka duba hatimin murfi. Ka ɗauki hoton lambar, ka ajiye rasit, ka rage ɗan gari a gwangwanin ka adana. Kada ka karɓi garin da aka ɗebo aka ƙulla a leda ba suna, ko da daga hannun aboki ne. Duk abin da aka ce zai ba ka tsoka cikin mako biyu, ko yana ƙona kitse, ko yana ɗaga sinadarin maza, ka guje shi, a irin waɗannan aka fi samun gurɓata. Siteroyid yana lalata hanta, yana taɓa zuciya, yana rage haihuwa.

Game da ƙoda: binciken da aka yi a kan masu lafiya bai nuna cewa furotin a wannan ma'auni yana cutar da ita ba. Amma mai ciwon ƙoda, mai ciwon sukari ko hawan jini, da mai juna biyu, sai sun ga likita kafin su ƙara furotin ko su taɓa wani gari. Yaron da bai kai 18 ba, a bar shi da abinci. Idan kana shan kiriyatin kuma za a yi maka gwajin jini, ka faɗa wa likita, domin yana iya ɗaga lambar kiriyatinin da ake duba ƙoda da ita, a ɗauka akwai ciwo alhali babu.

Mataki na bakwai: mako takwas, sannan ka duba

Ka riƙe tsarin mako shida zuwa takwas ba tare da sauye-sauye ba. Kowane mako ka rubuta nauyinka, nauyin ƙarfen da kake ɗagawa ko lokacin gudunka, da yadda kake tashi da safe, a wartsake ko a gajiye. Jiki magayi. Idan ƙarfi yana ƙaruwa kuma kana murmurewa tsakanin atisaye, ka bar komai yadda yake. Idan kana son nauyi ya hau ya ƙi, kada ka ruga ka ƙara ludayi, yawanci jimillar abincin ce ta gaza, sai ka ƙara shinkafa ko dankali ko tafin gyaɗa. Idan ciki yana kumbura, ka rage garin zuwa rabin ludayi ko ka koma mai tacewa. Idan bayan gida ya yi tauri, ka ƙara ruwa da ganye da 'ya'yan itace. Idan nauyinka ya canza da kilo huɗu ko biyar, ka sake hawa sikeli da safe kwana uku, ka ninka sabon nauyin da 1.6, ka gyara rabon.